Gashi Karo na Biyu: Yadda Likitoci Suka Koyi Komawa Kan Dajin Kai da Wuya

A ce dattijo ne daga Saya-Saya ko Tarai a ƙasar Kibiya. Muryarsa ta dishe, aka yi ta jiƙe-jiƙe, wanzami ya leƙa beli, abu ya ƙi. Aka je babban asibitin Rano, daga can aka tura shi asibitin Malam Aminu Kano, aka gutsiri tsoka aka auna, aka ce daji ne a maƙogwaro. 'Ya'ya suka sayar da abin da za su iya sayarwa, suka bi shi zuwa garin da na'ura take aiki a lokacin, ko Zariya ko Abuja ko Sakkwato, ya yi mako bakwai ana yi masa gashi. Kumburi ya sace, tuwo ya koma wucewa, ya ci damina biyu a gonarsa. Sai ga kaluluwa ta sake ɓullowa a ƙasan muƙamuƙi, da tauri kamar tsakuwa, ba ta ko zafi. Babban ɗansa ya sake ɗaukarsa, ya durƙusa gaban likita ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda gashin nan ya karɓi Baba wancan karon, me zai hana a maimaita masa?"

Tambaya ce ta mai hankali. Zazzaɓi in ya dawo maganin da ya kore shi ake sake sha. Amma shekaru masu yawa, a kusan kowane asibitin duniya, amsar da ake ba mai wannan tambaya ita ce a'a, wurin da aka gasa sau ɗaya ba a komawa. Yau likita zai ce ya danganta, sannan ya shiga tambayar wata nawa da gama na farko, nawa aka ba shi, ina takardun. Kafin a'a ta zama ya danganta an yi kusan ƙarni guda ana gwaji, an kuma rasa rayuka da dama a hanya.

Sunan da muka ba wannan magani yana rikita mutane. Babu wuta a cikinsa, babu garwashi, mai jinya ba ya jin komai lokacin da na'ura take aiki. Haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa jiki ya karya zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin halitta, ƙwayar da ta karye kuwa takan mutu ranar da ta zo rabuwa biyu. Ƙwayoyin daji ba su da aiki sai rabuwa, shi ya sa suka fi jin jiki. Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a garin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a 1898, kuma kafin a fahimci ko mene ne shi likitoci sun fara haska shi a kan kowane irin ƙari. Idan ciwo ya dawo su sake haskawa, ya sake dawowa su ƙara. Ma'auninsu jan fata ne: in fata ta yi ja an ba da isasshe.

Abin da ya biyo baya shi ya haifi dokar hana maimaitawa. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, fatar da aka haska sau da yawa takan ƙandare kamar ƙirgi, ta tsage, ta zama gyambon da ba ya jin magani. Ƙashin muƙamuƙi ya mutu a cikin bakin mai rai. Su kansu masu aikin ba su tsira ba. A 1936 an kafa dutsen tunawa a asibitin St. Georg da ke Hamburg ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikata sama da 150 da hasken ya halaka, har da Marie Curie da ta rasu a 1934. Darasin da aka ɗauka shi ne jiki yana rubuta duk abin da aka zuba masa, kuma bashin ba ya ruɓewa don an daɗe.

Wanda ya fara nuna mafita, rago ne ya taimake shi, kuma duk wanda ya taɓa kiwo a Rurum ko Zurgu zai gane gwajin nan take. Claudius Regaud, likita a Cibiyar Radiyom ta Paris, yana neman wani sashe na lafiyayyen jiki da ƙwayoyinsa ke rabuwa ba tsayawa kamar na daji, sai ya zaɓi marainan rago. A shekarun 1920 ya yi ta ƙoƙarin dandaƙe raguna da haske maimakon ƙarfe. In ya ba da adadin da ake buƙata a zama ɗaya, rago yakan daina haihuwa, amma fatar marainan ta lalace. In ya raba adadin ƙanana-ƙanana cikin kwanaki, ƙwayoyin haihuwa su mutu, fata ta tsira. Fassarar abin ita ce lafiyayyar tsoka tana gyara kanta tsakanin yau da gobe fiye da yadda daji yake iyawa. A lokacin likitocin Erlangen a Jamus sun tsaya a kan bugu ɗaya mai ƙarfi, aka yi ta musu, ragunan Regaud suka raba gardama.

Abokin aikinsa Henri Coutard ya ɗauki dabarar zuwa kan mutane, kuma wurin da ya gwada ta shi ne maƙogwaro. A wani taron likitoci a Paris a 1922 ya nuna cewa ana iya warkar da dajin akwatin murya ba tare da wuƙa ba, a 1934 kuma ya wallafa tsarinsa na ba da magani kaɗan-kaɗan cikin makonni. Gashin da ake yi wa dattijonmu jikan wannan tsari ne. Ana auna shi da ma'aunin gire, wanda aka ciro daga sunan masanin Ingila Louis Harold Gray, kuma abin da aka saba bayarwa ga dajin kai da wuya gire 70 ne, biyu-biyu a kullum, Litinin zuwa Juma'a, zama 35, mako bakwai. Rano tana cikin Hausa Bakwai a matsayin ɗaya daga sarakunan baba, don haka misalin ba baƙo ba ne a nan: marini ba ya jefa zane a karofi sau ɗaya ya ce ya rinu, tsomawa yake yi ya fitar ya sha iska ya sake tsomawa.

To amma gire 70 ɗin nan ba a zaɓe shi don daji yana mutuwa a daidai nan ba. An tsaya a nan ne don kusan nan ne iyakar abin da wuya zai iya ɗauka. Wuya wuri ne matsattse. Cikin faɗin da bai wuce tafin hannu biyu ba akwai hanyar numfashi, hanyar abinci, akwatin murya, mabuɓɓugar yawu, laka, da manyan jijiyoyin jini biyu masu kai wa ƙwaƙwalwa, waɗanda mahauci yake nema in ya ɗora wuƙa. Laka ta fi kowa raki. Likitoci sukan tsare ta a ƙasa da gire 45 zuwa 50, don in ta lalace ba a gani sai bayan watanni, ƙafafu su fara nauyi, mutum ya shanye, kuma babu gyara. Wanda ya gama gashin farko ya riga ya ci kusan duk rabonsa. Wannan lissafi ne ya sa aka ɗauki na biyu haramiyar sana'a.

Daji kuwa yana dawowa. A cikin waɗanda ciwonsu ya yi nisa kafin su zo asibiti, masu ganin dawowarsa a wuri ɗaya ko kusa da shi sukan kai har rabi. Wani lokaci ragowar na farko ne ya tsira, kuma wanda ya tsira daga gire 70 ai ba raggo ba ne. Wani lokaci sabo ne fil. Danely Slaughter, likitan tiyata a Shikago, ya duba tsokar baki ta mutum 783 ya bayyana a 1953 cewa abin da ke haddasa dajin ba wuri guda yake ɓatawa ba, dukan shimfiɗar baki da maƙogwaro yake jiƙawa, kamar gonar da ƙuduji ya zuba iri a ko'ina, ka cire a nan ya tsiro a can. Ga kuma wata matsala: tsokar da aka gasa jijiyoyinta sun tsuke, jini ba ya isa sosai, haske kuwa, kamar yadda Gray ya nuna a farkon shekarun 1950, ya fi cin ƙwayar da take da isasshiyar iskar numfashi. Wato a karo na biyu daji ya ƙara taurin kai, jiki kuma ya ƙara rauni.

Na'urori sun ci gaba a tsakani. An fara gasa mai jinya da kobal a garin Landan na Kanada a watan Oktoba 1951, da na'urar linak mai aiki da lantarki a asibitin Hammersmith na Landan ɗin Ingila a 1953. Dukansu suna kai haske cikin jiki ba tare da cinye fata kamar na da ba, amma hasken a murabba'i yake fita, ya ratsa ta wannan gefen wuya ya fita ta wancan, ya haɗa mai laifi da marar laifi.

Waɗanda tilas ta fara sa su karya doka su ne likitocin Hong Kong da kudancin Sin. A can dajin bayan hanci, wanda ke tsirowa a lungun da hanci ya haɗu da maƙogwaro, ya yi yawa ƙwarai, kuma wurin yana ƙarƙashin ƙoƙon kai inda wuƙa ba ta isa a wancan zamani. In ya dawo, ko a sake gashi ko a sallami mutum. Anne Lee da abokan aikinta suka tattara bayanan mutum 654 da aka sake gasawa a Hong Kong suka wallafa a 1997. Wasu sun warke, da yawa kuma sun biya da tsada: kurumta, muƙamuƙi ya ƙage baki ya ƙi buɗuwa, gefen ƙwaƙwalwa ya lalace. Wannan ciwo ya shafe mu kai tsaye. Rahotannin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya sun sha nuna cewa bayan hanci, da kogunan hanci, da akwatin murya su ne wuraren da dajin kai da wuya ya fi kamawa a ƙasar nan, kuma yawancin masu shi sai ya yi nisa suke zuwa. Ƙwayar cutar da ke da hannu a dajin bayan hanci ma, wato Epstein-Barr, a tsokar wata yarinya daga Yuganda aka fara ganinta a 1964.

A Faransa, cibiyar Gustave-Roussy da ke gefen Paris ta yi abin da wasu suka ɗauka ganganci. Daga 1980 zuwa 1996 ta sake ba mutum 169 cikakken gashi, mutanen da tiyata ba za ta yiwu a kansu ba, aka wallafa sakamakon a 1998. Kashi 21 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyu, kashi 9 bayan shekara biyar. Biyar sun mutu saboda babbar jijiyar wuya ta fashe. Mai karatu zai ce wannan ai ba nasara ba ce. Sai dai a lokacin abin da ya rage wa irin waɗannan mutane allurar kashe daji ce kaɗai, wadda da ƙyar take kai mutum shekara. Tara cikin ɗari da suka ga shekara biyar su ne hujjar farko mai nauyi cewa ƙofar ba a rufe take ruf ba.

Maganar laka kuwa, birai ne suka amsa ta. Kian Ang na cibiyar M. D. Anderson a Houston ya ba lakar wuyan birai gire 44, ya jira shekara ɗaya, wasu biyu, wasu uku, ya sake gasa su. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna laka tana yafe fiye da rabin bashin cikin shekarar farko, ta ci gaba da yafewa bayan nan. Ashe jiki yana rubutawa, amma yana kuma gogewa a hankali, kowace gaɓa da saurinta. Daga nan tazarar da ke tsakanin gashi biyu ta zama abu na farko da likita yake tambaya, kuma in ba a kai wata shida ba yawancinsu ba sa ko fara maganar cikakken gashi.

Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da albishir mai daɗi ba, kuma ina ganin ya kamata a faɗe su yadda suke. Ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ta yi biyu. A na farko kashi 15 cikin ɗari ne suka kai shekara biyu, a na biyu, wanda aka wallafa a 2007, kashi 26, kuma a kowannensu kusan mutum takwas cikin ɗari maganin ne ya kashe su, ba ciwon ba. Da aka so kwatanta gashi na biyu da allura zalla ta hanyar ƙuri'a, a Amurka da Faransa duka sai aka rufe gwajin don ba a samu isassun masu shiga ba. Wanda ya kammalu wani gwaji ne daban, na François Janot a Faransa a 2008: mutum 130 da aka yi wa tiyatar cire dajin da ya dawo, rabi aka sake musu gashi haɗe da allura, rabi aka zuba musu ido. Waɗanda aka gasa ciwon ya fi jinkirin dawo musu, wahalarsu ta fi yawa, tsawon rai kuwa bai bambanta ba. Har gobe wannan sakamako yana hana likita mai tsoron Allah yin alƙawari.

Abin da ya sauya lissafi kwamfuta ce. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara amfani da linak mai ganyayyakin ƙarfe a bakinta, suna buɗewa suna rufewa yayin da take zagaya kan mai jinya, ana harba haske ta kusurwoyi da yawa, kowanne da ƙarfinsa. Maimakon murabba'i, sai a sassaƙa hasken ya bi siffar ƙarin, ya lanƙwasa ya kauce wa laka. Likitoci suna kiran wannan IMRT, mu ce gashin sassaƙa. Ana ɗaukar hoton sikan na kai da wuya, a narkar da wata fuskar roba a kan mutum don kada ya motsa ko da faɗin ƙwayar gero, likita ya zana iyakar ciwon yanki-yanki, masanin lissafin haske ya tsara sauran. Nancy Lee a New York ta duba mutum 105 da aka sake gasawa ta wallafa a 2007: cikin waɗanda aka yi wa na sassaƙa, kashi 52 ciwon bai dawo wurin ba cikin shekara biyu, cikin na tsohon yayi kashi 20. A Pittsburgh kuma aka gwada wani salo na ƙananan ƙari, gire 40 zuwa 44 cikin zama biyar kacal. Fashewar jijiyar wuya ba ta ɓace ba. Wani nazari na 2012 da ya haɗa mutum 1,554 ya same ta a 41, kuma uku cikin huɗunsu ba su tashi ba.

Binciken da ya fi amfani ga ɗan dattijonmu ya fito a 2018, lokacin da wasu cibiyoyin Amurka suka haɗa bayanan mutum 412 da aka sake yi wa gashin sassaƙa, suka ga sun rabu gida uku. Wanda ya haura shekara biyu da gashin farko kuma aka iya yanke ƙarin kafin na biyu, kusan 62 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyu. Wanda ciwon ya dawo masa kafin shekara biyu, kuma ya riga ya dogara da robar abinci ko bututun numfashi a wuya, 17 ne kawai. Sauran suna tsakiya, wajen 40. Magani ɗaya, na'ura iri ɗaya, amma wani an buɗe masa hanya, wani an ƙara masa azaba ne a kwanakinsa na ƙarshe. Daga Guangzhou kuma labari biyu suka zo kan dajin bayan hanci. A 2021 aka nuna cewa in ana iya cire shi da madubin tiyata ta cikin hanci, hakan ya fi sake gashi. A 2023 aka nuna, a kan mutum 144, cewa in gashin ya zama dole, raba shi ƙanana sau biyu a rana ya fi: 75 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku, maimakon 55. Bayan shekara ɗari, an sake komawa kan darasin ragunan Regaud.

Ina Rano da Kibiya a cikin wannan tarihi? A bakin layin gashin farko. Asibitin koyarwa na Legas ne ya fara wannan aiki a Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, ƙarƙashin Farfesa Kofi Duncan, ya samu na'urar kobal a shekarun 1970, Ibadan ta bi a 1987. Arewa ta daɗe tana kallon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, daga baya aka samu linak a babban asibitin ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kano, duk da yawan jama'arta, sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar jinyar daji da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina a Giginyu. A Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku, ɗaya a asibitin koyarwa na Katsina. Maƙwabtanmu na Nijar sun samu tasu ta farko a Yamai a 2021. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ce Najeriya tana samun sababbin masu daji kusan 128,000 a shekara, kuma a ƙa'ida rabin masu daji suna buƙatar gashi. Asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya kuwa da dajin mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza ya fara. Mai dajin wuya aljihunsa da na danginsa ne.

Wannan ƙaranci yana haifar da dawowar ciwon da kansa, kuma a nan ne nake ganin an fi cutar da mutanenmu. Rodney Withers ya nuna a 1988 cewa wajen mako na huɗu da fara gashi, ƙwayoyin dajin da suka rage sukan ƙara saurin hayayyafa, kamar ciyawar da aka yi wa noman farko aka bari ruwa ya sauka. Fowler da Lindstrom suka lissafa a 1992 cewa tsawaita jinya da mako guda yana rage damar kashe ciwon da wajen kashi 14 cikin ɗari. Yanzu a tuna abin da jaridu suka sha rubutawa na lalacewar na'urori a ƙasar nan, har a wayi gari ɗaya ko biyu ne ke aiki. A ƙara da yajin aiki, da kuɗin da ya ƙare a mako na biyar, da mai jinyar da bakinsa ya yi miki ya ce a mai da shi gida ya huta, da wanda damina ta kira. Wanda aka yi wa zama 20 aka tsaya, ya kwashi illar gashi bai samu warakarsa ba, kuma in ciwon ya dawo, gire 40 ɗin nan suna nan a rubuce a wuyansa. Ga kuma tsohuwar maganar nan da ake yi a karkara cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, wadda take sa a tsaya sakiya da shafe-shafe har kaluluwa ta fashe.

Saboda haka in likita a Kano ko Katsina ya ce ba zai sake gasa Baba ba, kada a ɗauka wulaƙanci ne ko don ba a san kowa ba. Cikakken gashi na biyu da tsohuwar na'urar kobal, ba hoton sikan, ba lissafin abin da laka ta sha a baya, caca ce da ƙafafun mutum da jijiyar wuyansa. In ƙarin yana yankuwa, tiyata ce gaba. Akwai sababbin alluran zaburar da garkuwar jiki, nivolumab da pembrolizumab, da aka amince da su ga wannan ciwo tun 2016, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi nesa ba kusa ba. Akwai kuma ɗan gajeren gashi na rage zafi da tsai da jini, zama huɗu cikin kwana biyu, gire 14, wanda likitocin cibiyar Peter MacCallum ta Melbourne suka bayyana a 2005, cibiyar da gwamnatin Kano ta ce ita ta kwaikwaya wajen gina ta Giginyu. Ba ya warkarwa, amma mutumin da ya samu barci ya iya haɗiye kunu ya san an yi masa wani abu, kuma kwana biyu a birni abu ne da gidan manomi zai iya ɗauka.

Idan kuwa Baba yana cikin gidan farko na binciken 2018 ɗin nan, ya haura shekara biyu, ƙarin ƙarami ne mai yankuwa, yana ci yana numfashi da kansa, to sababbin na'urorin nan sun sa tambayar ɗansa ta zama abin zama a tattauna a Arewa. Sai dai komai zai tsaya a kan abu ɗaya da ba na'ura ba. Likitan da zai tsara na biyu dole ya san gire nawa aka bayar a na farko, zama nawa, daga wace rana zuwa wace rana, ta wane gefe, da wace irin na'ura, nawa ya taɓa laka. Mutumin Kibiya da aka auna a Kano, aka gasa a Sakkwato, yanzu aka kawo shi Katsina, babu wata kwamfuta da ta haɗa asibitocin nan uku da za ta ba da labarinsa. Fayil yana can inda aka baro shi, in an dace bai ɓata ba.

Don haka duk wanda yake jinyar uba ko uwa ko ɗan'uwa a ɗakin gashi, kada ya bar asibitin ranar zaman ƙarshe sai ya nemi takardar taƙaitaccen bayanin jinyar da sa hannun likita, da kwafin tsarin a faifai in akwai. Ya ɗauki hotonsu a waya, ya tura wa wani a dangi, ya adana na asalin inda yake ajiye takardun gona. A riƙa komawa ranar da aka rubuta ko da mai jinya yana cewa garau yake ji. Kaluluwar da ta yi mako uku ba ta sace ba, ko muryar da ta sake dishewa, ko haɓo da toshewar kunne ɗaya, ko mikin baki da ya ƙi warkewa, a hau mota a nufi asibitin da ya yi gashin ko mafi kusa da ke da likitan maƙogwaro a makon nan, da takardun a hannu.